Kowa da Ludayinsa

Inno mai nono ce, daga wata ruga a gefen Tsaskiya. Mace ce siririya, maganarta kaɗan, kamar ruwan farkon damina. A zamanin Turawa, gab da samun mulkin kai, tarin fuka ya shiga gidanta. Ya fara ɗauke ƙanin mijinta, sannan ya kama mijin, Yero, har yana tofar da jini.

Ran kasuwa Malam Sahabi duba-gari ya tsaya gaban ƙwaryarta. "Inna, ki kai shi asibitin Katsina, akwai allura yanzu. In ya dawo, bukkarsa daban, mai shan iska. Nono a tafasa. Ludayinsa ma daban, in ba haka ba jikokinki ne a gaba."

Yero ya sha allura ya dawo da sauƙi. Bukka ya karɓa, amma ludayi ya ƙi. A rugar, ludayi ɗaya ke zaga ƙwaryar fura, daga hannun babba zuwa ƙarami, kuma wanda aka ware wa nasa an fitar da shi daga dangi.

"Kuturu na zama?" in ji shi. "To ku sha abinku." Ya juya wa fura baya, ƙashin wuyansa ya soma fitowa.

Inno ba ta yi musu ba. Ta taka har kasuwar Batsari, ta dawo da damin ludayi. Ta sa wuƙa a wuta, ta zana wa kowanne alamar da ke jikin saniyar mai shi. Da hantsi ta raba, har jikar da ba ta yi haƙori ba.

Ta ajiye na ƙarshe gaban Yero. "Malam, kowa ya ɗauki nasa. Kai kaɗai ne ba ka da saniya?"

Ya juya ludayin, ya ga alamar farin bijiminsa. Dariya ta ƙwace masa, tari ya biyo ta, ya rufe baki da hannun riga kamar yadda aka koya masa.

"Kin ɓata ƙahon. Dama mini furar da kauri."

Tarin ya tafi tare da lokacin kaka, bai kuma kama kowa a rugar ba. Yero ya yi tsawon rai har ya ga auren jikar nan. A cikin kayan ɗakinta Inno ta sa ludayi biyu.