Awakin da Suka Shiga Garken Aljana

A Gangara, in an gama girbi sanyi ya sauko, bayan sallar isha'i muke taruwa a ƙofar ɗakin kakata, Inna Dije. Da karan hatsi take hura wuta, shi kuwa ba ya jimawa, don haka ba ta ɓata lokaci wajen shiga labari. Cikin jikokinta ni ne mai yawan tambaya. Takan ce, "Maigidana, bari bakinka ya huta, kunne ya yi aiki."

Shekarar da zan tafi Tanut jarrabawar sartifika ta gama firamare, hankalina ya ƙi zama wuri guda. In na buɗe lissafi sai in tuna da tarihi, in rufe wannan in ɗauko wancan. Babana ya riga ya ce in na faɗi, gona tana jirana. Inna ta ga ina ta jujjuya takardu a gefen wuta, ta ce in ajiye, ga wata tatsuniya tafe.

Wai awakin wata mata ne suka ɓace a kwarin Tarka, suka shiga garken aljana. Aljanar ta ce a zo a ware su kafin rana ta faɗi, amma wanda ya taɓa tata ko guda zai koma hannu wofi. Babban ɗan matar ya je. Tsuntsaye suna bisa ƙaya suna ta kuka, "Waccan ce! A'a, wannan!" Ya bi bakinsu, ya kamo ta aljana. Kashegari ƙanensa ya je ya toshe kunne, sai ya tarar da ƴan awaki biyu jajaye, ba ka bambanta su. Ya tsaya yana dubansu har rana ta faɗi, bai ware komai ba.

Sai autarsu Zali ta je. Ta ga jajayen nan, ta wuce su. Ta fara da mai karyayyen ƙaho, ta jawo mai farin goshi, ta bi waɗanda ta sani sarai. Da suka taru gefe guda, wata uwa ta yi kuka, ɗaya daga cikin jajayen ta rugo ta kama nono.

Na ce, "Inna, da ba ta da uwa fa?"

"Da sai Zali ta bar ta, ta koro sauran gida."

"To yaya ta gane su da sauri haka?"

Ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Wa kake tsammani ke tatsarsu kowace safiya?"

Ranar jarrabawa, tambayar farko ta lissafi ta tsaya mini a wuya. Na kusa da ni sai rubutu yake. Na tsallake ta, na yi waɗanda na sani. Da na dawo kanta ma ban iya ba, amma na ci.

Na daɗe ina zaton dabarar tsallakewa ce kaɗai ke cikin labarin. Sai da na fara koyarwa a Balbeji na gane dabarar ba ta yi wa wanda bai san awakinsa ba amfani. In jarrabawa ta kusa, ƴan ajina, da ke kiran malami Mushe, sukan ce, "Mushe, ba mu sirrin." Nakan tambaye su abin da suka karanta jiya da safe. Yawanci sai su hau duban juna. Bara wata yarinya a kujerar baya ta ɗaga hannu, ta faɗi darasin tun daga farko har ƙarshe, ba ta dubi kowa ba.