Jakin da Ya Goyo Labarin Salla

Shekarar da Baba ya sayo rediyo, gidanmu na Toranke ya rabu biyu: mu duka a gefe guda, Kaka Hajo ita kaɗai a ɗaya gefen, kuma ita ta fi yawa. In za ta yi mana tatsuniya a bakin murhu, sai ta kifa wa akwatin faifai tukuna, wai abin da ke da baki ba ya rasa kunne.

Ranar ashirin da tara ga azumi, bayan an sha ruwa, rediyo ya ce an ga wata, gobe Salla. Na yi tsallen da saura kaɗan in taɓo watan da kaina. Kaka kuwa ko gezau, ga shi tukunyar miyar Salla a hannunta take.

"Muryar mutum ko bakin gari ba ta kaiwa," in ji ta. "Wa ya goyo wannan tun daga Kano? Wa ya taɓa ta a hanya? Ni ba na ɗora tukunya a kan maganar akwati."

Dole Baba ya hau keke ya nufi wajen liman. Muka zauna jugum, muna kallon zakaran Salla yana ƙara kwana a duniya. Sai Kaka ta gyara zama.

"Ga ta nan, in dai wancan munafukin bai riga ya kai ta birni ba."

Wai wasu 'yan'uwa mata biyu ne, Yaya tana aure a Kademi, ƙanwa a Toranke. Duk ranar kasuwa ƙanwar takan ɗaura wa jaki buhun gyaɗa, shi ya san hanya. Saƙon ba a buhun yake ba, a igiya yake: ƙulli kusa-kusa, lafiya lau; ƙulli nesa-nesa, taho da gudu. Jakin bai san abin da ya ɗauko ba. Yaya ta karanta igiya, ta kora shi gida.

Rannan wani mai shisshigi a kasuwar Ajingi ya ga kaya sun karkace, ya kwance, ya sake ɗaurewa da ƙulli nesa-nesa, har yana jiran lada. Yaya na gani ta ɗora hannu a ka, ta kwaso rabin Kademi suna kuka. Suka tarar da ƙanwar ta miƙe ƙafa tana shan fura. Shekara bakwai kowacce na zargin ɗaya da rainin hankali.

"Jaki bai yi ƙarya ba," Kaka ta ce tana hararar faifai. "Hannun da ke tsakani shi ne abin tsoro."

Can sai ga ƙarar keke. "Inna, liman ya ce gobe Salla," in ji Baba.

"Yawwa. Maganar mutane ke nan." Ta jawo tukunya.

Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Baba, shi liman a ina ya ji?" Baba ya take min ɗan yatsan ƙafa, takun da har yau in Salla ta matso sai ya yi min zogi.

Yanzu gyaran rediyo nake yi a Gaya, kuma abin da aka koya min bai wuce tatsuniyar nan ba. Murya ba ta iya doguwar tafiya, sai tasha ta ɗora ta a kan wata igiyar iska mai ƙarfi. A AM tsayin igiyar ne ke hawa da sauka daidai da muryar, a FM kuwa ƙullin ne ke matsewa yana warwarewa. Akwatinka ya karanta, ya sallami jaki. Tsawa ko tartsatsin injin niƙa su ne mai shisshigin kasuwa.

Sai da Kaka ta rasu Baba ya gaya min liman ma a rediyo ya ji. Mun ci zakara, ita ta tafi da gaskiyarta. Amma duk saƙon da ya shigo wayata da "an ce", sai in ji ni ina lalubar igiya, ina tambayar wa ya taɓa ta a hanya.