Tukunyar Makcik Zaiton

Shekara talatin da ɗaya Makcik Zaiton, wato Inna Zaiton da harshen Malayu, ta yi tana sayar da taliya da miyar dankali a ɗakin cin abinci na Sakandaren Bukit Serai, a Singafo. Shugabannin makaranta bakwai suka zo suka tafi a gaban tukunyarta. 'Yan badujala sun sha zagi a wurinta saboda kaɗa mata tebur da cokula, 'yan sikawut kuwa, masu cikin zani, kullum sai sun roƙi ƙarin ƙwai.

Da haihuwa ta ja baya a unguwar, sai hukuma ta haɗe makarantar da ta Paya Nipah, aka koma can gaba ɗaya. An kwashi kofunan gasa, an kwashi ƙararrawa, har hotunan shugabanni an sama musu bango. Amma rumfar abincin Malayu irin nata ɗaya ce a can, kuma da mai ita. Zaiton ta koma gida da ludayinta, abin ya ci mata rai ƙwarai.

Abu ɗaya ya riƙe ta: Ranar Malamai. Kowace shekara tsofaffin ɗalibai kan dawo gaisuwa da hantsi, kuma kowa ya sani gaisuwar malamai fakewa da guzuma ce, layin Makcik ya fi na ofis tsawo. Ta ce ko ba rumfa sai ta ciyar da su. Ta ɗaure tukunya a ƙyalle, ta hau bas biyu zuwa sabuwar makarantar, don a ganinta inda ƙararrawa take, can yara za su.

Mai gadi, Kawu Seah, ya tare ta.

"Inna, wane malami kika zo gani?"

"Malamin ƙaniyarka! Rabin malaman nan ni na ciyar da su tun suna gajeren wando."

"To ni dai ba sunanki a takarda. Abincin waje ma an hana, wallahi ba laifina ba ne."

Ta zauna a bencin bakin titi, tukunya a cinya, tana leƙen kowace fuska. Yara na wucewa da sabbin riguna, ba wanda ya san ta. Wajen azahar 'yarta Suriati ta bugo waya.

"Mak, kina ina? Hoto na yawo! Mutum kusan arba'in a ƙofar tsohuwar makaranta, tun safe ke suke jira!"

Ashe su kuma sun ce ba inda Makcik za ta sai Bukit Serai.

Kafin bas biyu su mayar da ita, kowa ya koma bakin aikinsa. Ƙofa na rufe da sarƙa, sai furanni da aka soke a jikin shinge. Ta tsaya tana haki, miya ta huce.

"Kar ki yi kuka, Mak," in ji Suriati a waya. "Faɗa min sunayensu, yanzu in nemo miki su."

Zaiton ta ƙura wa hoton da Suriati ta turo mata ido. Ga dogon nan da ba ya cin albasa. Ga wadda ke son lemon tsami biyu. Ga tagwayen da ke raba kwano ɗaya.

"Mak? Ko suna ɗaya ma ya isa."

"Ban taɓa tambayar su ba," in ji ta. "Na ɗauka kullum za su dawo."