Kunnen Saje Bawa da Injin da Na Canja

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da aka jawo bas ɗin makarantar Madam Rifkatu zuwa garejina a nan Zuru ba. Wata Talata ce cikin watan Yuni, shekara shida ke nan, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Wata a-kori-kura ce ta jawo ta da igiya, direban bas ɗin, Saje Bawa, yana riƙe da sitiyari, rigarsa jiƙe sharkaf. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ku saurara da kyau, don laifin da ke cikin labarin nawa ne.

Saje Bawa tsohon soja ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan motocin bariki, da ya yi ritaya ya dawo gida sai Madam ta ɗauke shi yana kwaso mata yaran firamare da safe, ya mai da su da rana. Mutum ne mai tsabta da taurin kai. Kullum kafin ya tashi sai ya ɗaga kujerar gaba, inda injin irin waɗannan bas yake, ya duba ruwa da baƙin mai, ya tayar, sannan ya sunkuya ya kasa kunne. Mukan tsokane shi mu ce Saje zai ƙwace mana sana'a, shi kuma ya ce, "Ku sai kun kwance kuke gani, ni ji nikai." Kuma ba cika baki ba ne. Sau da yawa yakan faɗa mini abin da ke damun mota tun ban ɗauki sifana ba.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba kanikawa ba. A cikin inji akwai abin da ke haɗa juyawar ƙasa da ta sama, domin bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Shi muke kira taimin. A wani injin sarƙar ƙarfe ce ke wannan aiki, tana ciki tana wanka da baƙin mai. A wani kuma bel ne na roba mai haƙora, a bayan murfi. Sarƙa tana daɗewa ƙwarai in ana canja mai a kan kari, in kuma ta fara saki sai ta riƙa kacau-kacau da safe, ta ba ka lokaci ka nemi bakanike. Bel ya fi shiru, amma ba ya gargaɗi. Da lissafin tafiya ko na shekaru ake cire shi, tun yana da kyan gani. In ya tsinke ana gudu, a yawancin injuna fistin zai hau ya daki bawul ya lanƙwasa su. Da yake mitar tafiyar motocinmu da yawa ta daɗe da mutuwa, ƙa'idar gareji ita ce a rubuta watan da aka sa bel da shekarar, da farin fenti, a kan murfinsa.

Ranar nan yara ne suka je wasannin makarantu a Ribah. A hanyar dawowa, ana tsuga ruwa, bas ta mutu nan take babu ko tari. Yara suka yi awa biyu a gefen titi kafin a samu motar da ta kwashe su. Kafin la'asar iyaye sun cika ofishin Madam.

Ina cire murfi na ga bel a tsinke, haƙoransa sun zube. Na ce, "Baba Saje, bel ne."

Ya ce, "Wane bel? Motar ga sarƙa gare ta. Shekara nawa ina sauraren ta?"

Nan na tuna abin da na yi. Shekara huɗu kafin wannan rana, a lokacin dogon hutu, injin bas ɗin na asali ya buga, kuma shi mai sarƙa ne. Saje yana ƙauyensu yana noma. Na nemi irinsa na rasa, sai na sa mata wani ɗan Beljiyam, wato na hannu daga ƙasar waje, na wani kamfani daban, mai bel. Na duba bel ɗin da ya zo da shi na ga da sauransa, na bar shi. Fenti ban rubuta ba, don ban san yaushe aka sa shi a can ba. Madam na ce mata an sa inji, shi ke nan. Da Saje ya dawo ya tayar ya ji shiru, ya dafa kafaɗata ya ce, "Sani, ka yi aiki." Yabon ya yi mini daɗi, na ce gobe na faɗa masa, goben ba ta zo ba. Shekara huɗu dattijon nan yana sunkuyawa kowace safiya yana jiran ƙarar sarƙar da babu ita.

Da na faɗa masa a gareji ranar, da na fi haka mutunci. Ban faɗa ba. Kunya ta hana ni, da tsoron kada aikin makarantar ya kuɓuce mini. Na ce masa kawai, "Za mu duba."

Ran Juma'a da hantsi kwamitin makaranta ya zauna: Madam, da hedimasta, da wakilin iyaye. Tsarinsu shi ne direba ya fara bayani, sannan bakanike ya kawo abin da ya lalace ya faɗi ko sakaci ne. Na shiga da bel ɗin a leda. A kan tebur na hango takarda an riga an buga, da sunan Saje a sama, sa hannu kawai take jira.

Saje ya miƙe ya ƙame kamar yana gaban kwamanda. Ya ce, "Madam, Allah shaida, da safen ranar na saurara, ban ji komi ba. In kunnena ne ya mutu, ku sallame ni. Ba ni son in kashe ɗiyan mutane."

Madam ta juyo ta ce, "Malam Sani, tambaya ɗaya zan yi maka. Da an kula, za a iya hana wannan?"

In na ce e, ban yi ƙarya ba, kuma da kalmar nan ɗaya aikin Saje ya ƙare, ni in koma gareji da kwangilar gyara. Na dubi dattijon. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina.

Na ce, "Za a iya, Madam, amma ba shi zai hana ba, ni ne." Na ajiye bel ɗin na yi musu bayanin sarƙa da bel kamar yadda na yi muku. Na ce ni na canja injin, ni na bar tsohon bel, ni na ƙi rubutawa, ni na ƙi faɗa wa direba. Na ce ko wanda ya ƙera motar ne ya sunkuya ranar, ba abin da zai ji.

Madam ta wanke ni tas. Ta ce yaran mutane na jefa cikin haɗari da shiruna. A nan take ta ce a janye bas ɗin zuwa wani gareji, kuma har yau motar makarantar ba ta sake taka ƙofata ba. Takardar kuwa ta ninke ta ta jefa a aljihun tebur, ta ce, "Baba, ran Litinin ka fito aiki."

A bakin ƙofa na tsaya ina jiran ya zage ni. Ya kalle ni ya ce, "Sani, kwana uku ban iya cin tuwo ba. Na ɗauka tsufa ne ya zo. Har na ce wa matata in ta yi magana ta riƙa ɗaga murya." Idonsa ya kawo ruwa, ya juya ya goge da hula. Zagi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ke nan. Ba bel ne mugu ba, ba kuma sarƙa ce gwana ba, kowanne da irin kulawar da yake so. Amma mu muke ganin cikin inji, direba amana ya ba mu yana tafiya a kanta. Tun daga ranar, duk abin da na canja a mota, direba nake fara kira in nuna masa da yatsa kafin mai motar ya ji. In mun yi shiru ba mu ake kora ba, shi ake kora.