Kitsen Biltong a Bindigar Dewald

A garin Kroonstad, duk wanda bindigarsa ta yi masa gardama garejin Oom Faan Labuschagne, wato Kawu Faan, yake nufa. Tsoho ne dogo, maras fara'a, mai tsaftar da har ta zama ciwo. Ba a shiga garejinsa da taba, ba a shiga da abinci, kuma in ka ɗora kofin shayi a kan teburinsa to ranar za ka ji abin da uwarka ba ta taɓa faɗa maka ba. Tun yana saurayi yake gyaran ƙananan bindigogin gasar harbi, har ya yi furfura ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Bayan ƙarfe, abu ɗaya ya iya: biltong. Duk hunturu yakan rataye busasshen naman nan a ƙugiyoyi a filin da ke bayan gidansa, da gishiri da barkono yadda marigayiya matarsa take yi, da kitse rawaya mai kauri a gefe. Rabinsa cikin surukinsa Dewald yake ƙarewa.

Dewald ɗin nan mijin 'yarsa Rentia ne, dillalin taraktoci, ƙato mai surutu, wanda ko gaisuwa zai yi sai an ji a ƙetaren titi. Da ya shiga gasar harbi, Faan ya zauna ya haɗa masa bindiga da hannunsa, saboda Rentia. Bai taɓa yin aikin da ya kai ta kyau ba. Amma tun fitarta ta farko ta fara cijewa. Dewald na cikin gudu yana harbi sai harsashi ya tsaya a karkace a gindin bututun bindigar, ya ƙi shiga ya ƙi fita, lokaci kuwa yana tafiya.

"Baba, abar nan taka ta sake kunyata ni," in ji Dewald, ya dangwarar da ita a kan tebur. "A gaban mutane fa! Har wani ke ce min in koma gwafa."

"Ina gidajen harsashin?"

"Suna jaka. Sababbi ne dal, Baba, daga waje aka kawo min. Kada ma ka ɓata lokacinka a kansu. Matsalar tana ciki."

Da a da ne, da Faan ya kora shi ya ɗauko su. Amma a shekarar ne idonsa ya fara yi masa hazo, har sai ya ɗora gilashin ƙara girma a kan tabarau kafin ya ga ƙananan kusoshi. Bai gaya wa kowa ba, tsoro dai yana cinsa. Saboda haka da aka ce matsalar tana ciki, sai ya yarda.

Ya canja sifirin bindigar. Ya auna harsasan. Ya gwada ta da nasa gidajen harsashi, tana ci kamar ba gobe. Ya mayar wa Dewald, Asabar ta zagayo, ta sake cijewa. Labari ya fara yawo a wajen gashin nama bayan gasa, wai Oom Faan ya tsufa, ido ya tafi. Bakin Dewald ne ya fara faɗa, da sunan wasa.

A nan ne Faan ya ɗauki magagari. Akwai wani ɗan gangare a gindin bututu da harsashi ke hawa ya shige ciki. Ya dube shi, bai ga aibu ba, ya ce a ransa ai dama ba zai gani ba. Ya goga kaɗan. Wani makon aka dawo da ita, ya ƙara gogawa. Rannan Rentia ta same shi a kai, ya ce mata, "In ta tabbata hannuna ne ya ɓata bindigar nan, na rufe garejin. Ba zan tsaya sai na cire wa wani yatsa ba." Ta san ubanta ba ya magana biyu.

Ranar gasar lardi ya shiga motar Rentia, ya ce zai gani da idonsa, ko da mataccen ne. Filin jan yashi ne, rana ta take. Ya sami inuwa a bayan a-kori-kurar Dewald ya zauna yana kallon surukinsa na shiri.

Abin da ya gani ya ba shi ƙyama. Dewald ya zaro biltong daga aljihun wando, ya yanki kitsen da wuƙa, ya cusa a baki, maiƙo na naso a yatsunsa. Bai goge ba. Da yatsun nan ya riƙa ɗaukar harsashi yana dannawa cikin gidansa, yana tauna, yana ba da labari. Da ya cika, ya jefa shi cikin aljihun da naman yake. Aka kira shi, ya shiga fili. Kamar yadda kowa ke yi, in harsashi ya ƙare sai ya saki gidan ya faɗi a yashi ya cusa wani. Da ya gama ya tsince su, ya hura musu iska da bakin da ke cike da nama, ya goga a cinya. A zagaye na biyu bindiga ta cije.

"Ka gani ko, Baba?" Dewald ya taho yana huci. "Ka gani da idonka?"

"Ba ni gidan harsashin can," in ji Faan.

Faan ya zare gindin gidan harsashin a kan murfin mota. Wari ne ya fara fitowa, warin kitsen da ya kwana a rana wata da watanni. Sifirin ya fito a naɗe da wani baƙin kwaɓi na maiƙo da jan yashi da barkono, har da zaren nama da matattun tururuwa. Wani da ke kusa ya toshe hanci.

"Kai Dewald," ya ce a hankali, "alade ma yana da inda ba ya kai baki. Tun yaushe rabonka da buɗe wannan?"

"Au, buɗewa ake yi?"

Wurin ya kwashe da dariya, Dewald ma ya taya su, don ba shi da kunyar da zai ji. Aka wanke gidajen, ya koma fili, bindiga ta ci har ƙarshe ba tangarɗa. Ya dawo yana ihu. "Jama'a, na janye maganata! Tsohon nan idonsa garau! Baba, ɗan taɓa," ya miƙo masa biltong da hannun nan nasa. Faan ya kau da kai.

Shi hankalinsa na ƙasa. Ya sunkuya ya tsinci kwanson harsashin da bindigar ta tofar, ya murza shi a tsakanin yatsu. Gindin ya kumbura. Ya tsinci wani, haka. Ƙarfen da ya goge shi ne ke tallafe kwanson lokacin da wuta ta tashi, kuma ya ci shi da yawa. Yau kumburi ne, wata rana fashewa zai yi a hannun mutum. Bututun da ya fito daga hannunsa ba aibu, shi da kansa ya lalata shi, don wani ƙazami ya ce masa makaho ya kuma yarda. Ƙyamar da ya ji wa Dewald ba ta kai rabin wadda ya ji wa kansa ba.

Ya karɓi bindigar, ya kwance ta, ya sa bututun a aljihu. "Ba za ka ƙara harbi da wannan ba," ya ce wa Dewald, bai tsaya jin amsa ba.

A mota Rentia sai murna take. "Baba, ashe ba kai ba ne! Na gaya maka!"

Ya ɗora mata kwanson a tafin hannu, ya bayyana mata. Ta daɗe tana kallonsa. "To ai ba wanda ya sani," ta ce. "Ka sa sabo kawai."

"Ni na sani."

Ya sa wa Dewald sabon bututu, ya gwada shi har ya gamsu. Daga nan ya share teburinsa, ya jera magagarai a mazauninsu, ya kulle garejin, ya kai wa Rentia makullin. Hunturun da ya biyo baya ƙugiyoyin da ke bayan gidansa haka suka zauna babu nama, kuma da Dewald ya tambaya, Rentia ce ta ce masa ya rufe mata baki.