Abin da Muka Zuba wa Janar a Kwano

Bara war haka ina aji biyu na babbar sakandare, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Ƙarfi an san ni da tsokana da ƙara wa labari gishiri. In ɓera ya gifta ni, kafin in isa dandali ya zama kura. Mama takan ce ko cewa na yi gari ya waye, sai ta leƙa ta gani da idonta. To wannan karon, Edita, na ajiye gishirin, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wautar da na fara yi ƙarama ce. Ruwan ƙarshen damina ya daki masarar da muka shanya, wata ta yi fumfuna, kore-kore da baƙi-baƙi, tana wari kamar safar ɗan ƙwallo. Baba ya sa na tsince ta a 'yan buhuna, ya ce in kai bayan gari in ƙona, ko kaji kada su gani. Ni kuwa na san wani mai a-kori-kura daga wajen Dayi da ke zagaya ƙauyuka yana sayen irin wannan hatsi. Na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce ai ba mutum ne zai ci ba. Wannan amsar ta ishe ni. Na sayar, na ci tsire, na sa data, sannan na cinna wa karan masara wuta don Baba ya ga hayaƙi. Na manta cewa buhunan namu suna da alama, domin da ragowar shuɗin fenti na zana wa kowanne kan kare sanye da hular soja.

Karen da na zana shi ne Janar. Yayana da ke aikin gadi a Kaduna ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, irin na Turawan nan masu tsayayyun kunnuwa, ya ce ya tsare mana gida da shanun huɗa. Ya kafa doka cewa ba tuwo, ba ƙanzo, sai abincin buhu daga shagon magungunan dabbobi a Funtua. Janar ya girma har na riƙa gaya wa abokaina cewa da shi muke yin huɗa. Da abincin ya yi tsada, Baba ya ce bai ga dalilin da kare zai fi maigida cin daɗi ba, ya dawo daga kasuwa da wani buhu mai araha da aka ce a nan gida ake haɗa shi. Hoton kare ne a jiki yana murmushi kamar ango, amma babu adireshi, babu ranar lalacewa, babu lambar hukuma. Ban yarda da buhun nan ba tun farko. Na jefa ƙwaya ɗaya a baki, ɗacin ya kusa juya mini ido zuwa ƙeya. Janar ma ya shinshina ya ja da baya. Mama ta ce iyayi ne irin na 'yan birni, muka zuba masa romo a kai har ya ci. Haka muka riƙa yi.

Daga baya ya fara rama, ya daina haushi, sai amai. Farin idonsa da dasashinsa suka koma ruwan ɗorawa. A yankinmu, in kare ya kwanta haka, abu ɗaya ke zuwa ran kowa: an ba shi guba don ɓarayin shanu su sami hanya. Sai aka fara tambayar wa ya ba shi. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai kiwon zabbi da muke kira Malam, ya taɓa yin faɗa da Baba saboda Janar ya kashe masa zabbi, har ya ce wata rana karen nan zai gamu da gamonsa. Ni kuma na taɓa ganinsa tsaye jikin dangarmu da yamma. Tsaye kawai. Amma da na ba da labarin a dandali, sai na sa masa baƙar leda a hannu don a saurare ni. Kafin labarin ya zagayo, ledar ta zama tsire mai guba, Malam kuma ya zama infoma, mai kai wa ɓarayin shanu rahoto. Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane nauyin wannan kalmar ba. Mutane suka daina amsa masa sallama, 'yan sintiri suka fara tsayawa a ƙofar gidansa suna tambayar wa yake kira a waya. Ɗansa, wanda muke benci ɗaya a makaranta, ya daina zuwa aji.

Yaya ne ya matsa ta waya cewa a kai Janar wurin likitan dabbobi a Malumfashi. Na rungume shi a bayan babur, Baba na tuƙi. Likitar, wata mata mai faɗa, ta ɗaga masa leɓe, ta danna cikinsa, ta ce wannan bai yi kama da guban dare ɗaya ba, hanta ce ta daɗe tana lalacewa. Ta tambayi me yake ci. Na zaro 'yan ƙwayoyi daga aljihuna, ta murje su, ta shinshina, ta tambayi Baba ko shi zai iya cin tuwon masarar da ta yi fumfuna. Baba ya ce Allah ya kiyaye. Ta ce to ga dukkan alamu shi muke ba karen, kuma niƙa ko suya ba sa kashe dafin da ke cikin irin wannan hatsi. Nan take na tuna da masarar da na sayar.

Baba bai iya barin magana a rabi ba. Ranar kasuwa ya ja ni Funtua wurin wanda ya sayar masa da buhun. Mutumin ya rantse shi sari kawai yake yi, ya kwatanta mana wata rumfa a bayan injin niƙa. Abin da na gani a can, ko ni mai ƙari ba ni da abin ƙarawa. Tarin ruɓaɓɓiyar masara, gashin kaji, busassun ƙasusuwa da ƙudaje ke biki a kai, da wani jan gari da suke barbaɗawa don ya yi kalar nama. Mai wurin ya ce wa Baba, Alhaji, ai kare ko mushe ci yake yi. Baba ya ce shi ba Alhaji ba ne, kuma ba mushe ya biya ba. Suna cikin haka na waiga gefen bango, inda aka jibge buhunan da aka zazzage. Zanen Janar ne ke kallona a jikinsu, da hular sojansa, da shuɗin fentina. Baba ma ya gani. Ya dube su, ya dube ni, ya tambaye ni a hankali ko waɗannan ne na ƙona.

Ba zan iya rantsewa cewa masarata ce ta shiga buhun da muka saya ba, amma ba zan iya rantsewa ba ita ba ce. A kan hanyar komawa na faɗa wa Baba komai, har da ledar da ban taɓa gani ba. Na so ya dake ni, bai yi ba. Ya kai ni gaban mai unguwa da 'yan sintiri da Malam, ya ce in maimaita da irin muryar da nake ba da labari a dandali. Ranar Lahadi bayan sujada ya sake tsayar da ni a ƙofar majami'armu na maimaita. Ba wanda ya yi dariya, karo na farko a rayuwata.

Ga masu karnuka, ku ji tsoron buhun da ba ya faɗin wanda ya haɗa shi da abin da ke ciki, komai kyan hoton. In dabba ta shinshina ta ja baya, kada ku rufe mata hanci da romo. Ga 'yan'uwana manoma, hatsin da kuka san ya lalace ku ƙona shi da gaske, domin wanda ya ce ba mutum ne zai ci ba bai gaya muku wa zai ci ba. Samari irina kuma, akwai labarin da gishirinsa ke iya kashe mutum.

Mai rumfar ya kwashe kayansa kafin jami'an da Baba ya kai wa ƙara su je. Malam ya ce ya yafe, yana amsa gaisuwata, amma ya mayar da iyalinsa Bakori wurin 'yan'uwansa, ɗansa bai dawo ajinmu ba. Janar ya mutu kafin mu gama kai amfanin gona gida, ni na haƙa masa rami a inda aka ce in ƙona masarar.