Fayil ɗin da Sanusi bai rufe ba

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, shekarun baya ina riƙe da wani shagon kwamfuta a Dutsin-Ma, inda ɗalibai ke kawo aikinsu na kammala karatu muna buga masu.

Abokin aikina Sanusi ne, mutumin Kurfi, Allah ya jiƙansa. Shi ba ruwansa da linzamin kwamfuta, baƙin allon nan da ake rubuta umarni yake buɗewa, kuma shi ya koya mani. Ka rubuta cd ka shiga folda, ka rubuta ls ka ga abin da ke ciki, ka kira fayil ka gyara. Har ma'ajiyarmu ta intanet ya ɗaura a kai, ta yadda ko daga Kurfi ya taɓa aiki sai in gani a shago.

Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. Bayan sadakar bakwai ƙanwarsa Hajara ta zo shago da azahar, ido jawur, ta ce aikinta na sashen Hausa yana hannunsa yana gyara mata, kuma gobe za a rufe karɓa, in ta rasa sai baɗi. Na ce ta zauna, abu mai sauƙi ne.

Na shiga foldarsa na kira fayil ɗin, sai allo ya gargaɗe ni wai wani yana ciki yana gyara, ga sunan kwamfutar Sanusi ɓaro-ɓaro. Na ce, "Hajara, wa ke amfani da kwamfutar Yaya?" Ta ce, "Ba kowa. Tana akwatin Inna a kulle, batirin ma ya cire tun da ya kumbura."

Na ce wa kaina ƙila dai bai rufe shi daidai ba ne, hakan na faruwa. Na kwafi fayil ɗin gefe, sannan na buɗe na asalin da ƙarfi. Ina cikin dubawa na iso shafin sadaukarwa, inda ta sa "ga yayana Sanusi". A gaban idona, hannuwana biyu na kan cinya, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har kalmar "marigayi" ta cika gaban sunansa. Hajara ta kama salati. Ni ko tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ɗan layin nan mai ƙiftawa ya gangara da kansa zuwa shafin godiya, ya wuce malamanta, ya wuce ƙawayenta, ya tsaya daidai gaban sunana. Ya rubuta "ma". Ya ƙara "ri". Ban san lokacin da na fizge wayar wuta daga bango ba.

Kwafin da na ajiye gefe na buga mata a shagon maƙwabcina, ta kai, ta kuma ci. Ni ko ban ƙara kwana uku a shagon ba.

Shawarata, in kwamfuta ta ce da wani a cikin fayil, ku yi haƙuri ku bar masa. Foldar nan tana nan har yau, ina da mabuɗinta, amma ban sake leƙawa in ga ko ya ƙarasa kalmar ba.